Sare shinge cikin watan 4? Aje almakashin nan

Kai yaro na ji saƙonka. Ka ce shingen duranta, iccen adon nan da ake jerawa ana askewa, na gidan da kake aiki sama ya cika da ganye ƙasa kuma ba komi sai ƙirare har kaza na ratsawa, maigidan ya ce ka sassare shi ƙasa ƙasa yanzu don ya yi sabon toho, kana tambaya ko ka yi. Yanzu? Cikin watan 4? A Yamai, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kullum tun kafin azahar? Ganyen saman nan da kake ganin ya yi yawa shi ke yi ma rassa inuwa, in ka kwashe shi rana ta doki ɓawon icce kai tsaye sai ya tsattsage ya bushe, kuma ranar da ya mutu ba maigidan za a zaga ba, kai za a zaga. Aje almakashin nan ka saurara.

Abin da ya sa ƙasan ya zube ba ciwo ba ne, ba kuma rashin taki ba, laifin hannun wanda ke aske shi ne. Ku yaran yanzu kuna tsayawa tsaye kuna yanka inda hannunku ya kai ba ku son duƙawa, sai sama ya yi faɗi ya rufe ƙasa, to reshen da bai ganin rana mi zai yi da ganye? Zubar da shi zai yi. Shinge ana barin gindinshi da faɗi a tsuke samanshi kamar dalar gyaɗa, in ƙasa santimita 60 ne sama ya zama 40, haske ya sauka har gindi ta kowane gefe. A kafa turke nan da can a ja igiya a bi ta, ido kaɗai ƙarya yake yi, ni da na tsufa cikin aikin nan har yau da igiya nake aske.

Wanga magana ta sara cikin bazara ita ta tuno mini wani Alhaji a Kwara Kano, sunanshi ma ba ni son ya fito bakina. Sabon gida ya gina, bila mai katanga doguwa, zai aurar da ɗiyatai cikin watan 4, shina son baƙi su shigo su tarar da kore ko'ina. Na ce mai Alhaji wannan ba lokacin dashe ba ne, a bari ruwa ya zauna, watan 7, ba banza ba gwamnati ta aje ranar dashen icce 3 ga watan Agusta, tsakiyar damina ce. Ya ce shi ba ruwanshi da damina, pampo gare shi, ruwa sai na ce ya isa. Na ce to da sharaɗi, ruwa safe da marece ba fashi, kuma ba mai taɓa shi da ƙarfe sai ni. Ya ce ya ji ya yarda, gaban direbanshi da gardi. Munka daidaita jikka 300, ya ba ni jikka 100 kafin alƙalami, saura sai an gama biki.

Jikka 100 ko iccen ba ta saye ba. Na sauka bakin gulbi wajen Yantala gun wani mai rainon itatuwa da munka daɗe tare, na ɗauko duranta cikin leda, manya waɗanda sunka riga sunka yi rassa, bashi, don mutuncina kawai ya ba ni. Da munka fara gina ramin kuwa abin da munka tarar gindin katangar nan, guntayen bulo, busasshen siminti, buhunan siminti, ƙusa, har takalmin magini ƙafa guda. Haka magina ke yi, duk dattin aiki su tura gindin bango su rufe da rairayi. Sai da munka kwashe shi zurfin rabin mita munka kawo ƙasar garka da ruɓaɓɓen taki a amalanke, duk daga aljihuna. Na ja layin nesa da bango rabin mita don bangon siminti in ya sha rana da dare ma wuta yake fitarwa. Na sayo zana na yi mai rumfa ta gefen yamma. Wallahi yaro shingen nan ya kama, cikin zafin da kowa ya ce ba zai yi ba, ganyen nan ruwan ɗorawa shar, ranar biki mata layi sunka yi suna ɗaukar hoto gabanshi, Alhaji na nuna ma abokanshi kamar shi ya dasa.

An watse biki na je karɓar saura aka ce ya yi tafiya. Na koma aka ce shina barci. Ranar da na samu shiga abin da na fara gani kwaɗon kulle ne rataye bisa pampon tsakar gida. Kwaɗo! Faktir ɗin ruwa ta zo ya ga kuɗɗin ya ce icce ba zai cinye shi ba, a jira damina. Zanar da na saya gardi ya kwashe ya yi ma ragon gidan rumfa. Kuma da ganye ya fara yaushi sai wani abokinshi mai ilimin banza ya ce mai ai in an sare shi ƙasa zai rage shan ruwa, ya sa gardi ya bi shi da adda, adda dakusassa, ba yanka ba ne dandatsa ne, ko wane reshe ya tsage biyu fari fat a rana. Na duƙa na kankare ɓawon guda da farce, ba kore ko ɗigo, busasshe ƙamas har gindi, gara ma ta riga ta fara hawa.

Ka san abin da mutumen nan ya ce mini? Wai iccen da na kawo mai ba shi da kyau, tun farko maras lafiya ne, ni ya kamata in maido mai jikka 100 ɗinshi. Direban da aka yi magana gabanshi ya sunkuyar da kai shina goge mota, gardi ya shige ɗaki. Ba takarda, ba shaida, in je komisariya in ce mi? Motona na saida na biya mai rainon icce don shi bai ci amanata ba. Na daɗe ina zuwa aiki a ƙasa da almakashi a kafaɗa. Har yau in na bi ta layin nan sai raina ya ɓaci, na bar shi da Allah amma ban yafe ba, kuma kar wani ya zo ya yi mini wa'azi.

To shi ya sa na ce maka in maigidanka ya matsa sai an sare, ya faɗa gaban mutum biyu da ba a gidanshi suke ci ba, ko ya aiko maka a WhatsApp ka aje muryar. Wayar nan da kuke wuni kuna latsawa ko abu guda ta amfane ka.

Abin yi yanzu ruwa kawai. Ka buɗe mai kwari a gindi tsawon layin, ka cika shi da marece ya nutse sosai, bayan kwana 2 ka sake, ya fi yayyafin da kuke yi kullum kuna jiƙa ganye da tiyo kuna ganin kun yi aiki, ƙasar Yamai rairayi ce ruwan sama sama ko saiwa bai kai ba rana ta shanye. Ka shimfiɗa busasshen ganye ko haki a gindi amma kar ya taɓa jikin iccen, kuma ka riƙa ɗagawa kana duba gara. Sai ruwa ya sauka ya zauna, ƙarshen watan 6 ko cikin watan 7, sannan ka sare shi daidai gwiwa da abu mai kaifi, yanka guda a karkace, duranta na tohowa daga tsohon icce ba ta da matsala nan. Tohon in ya kai kamu guda ka tsinke kanshi don ya rabu biyu, ya sake kai kamu ka sake tsinkewa, haka ake cika ƙasa. Maigidan zai ce shinge ya yi gajere, bar shi ya ce. Yadda ake zuba taki kuma ba zan tsaya koya maka ba, in har yanzu ba ka san ɗanyen kashin shanu na ƙone saiwa ba to ka koma tallan ruwa.

Ni in ta ni ce ma duranta ba icen talaka ba ne, shan ruwa gare ta, ƴaƴanta kuma masu ruwan lemun nan guba ne, gidan da ke da ƙananan yara ka aske su kafin su nuna. Iccen lalle ya fi ta haƙuri nesa ba kusa ba, ka jera shi santimita 30 zuwa 40 tsakani ya rufe ruf, in ya tsufa har ƙaya yake yi, illarshi guda matan unguwa, in biki ya matso sai ka wayi gari an tsige maka gefe guda. Can wajenmu Tawa kuwa wa ke da ruwan ba shinge? Aguwa ake yankowa ƙarshen rani a bar ta ta sha iska kwana kaɗan a soke a ƙasa, ruwan farko ta kama, akuya ba ta ci, sai dai ka kiyaye idonka da nononta. Dirga da magarya su ma suna tare dabba in an dasa su kusa kusa. Iccen dogon yaro kuma kar wani ya ruɗe ka ka jera shi gindin katanga, wurinshi fili, irin layukan kare iska da anka dasa a kwarin Majiya tun 1975, a gida saiwarshi fasa bango take yi.

Ran Juma'a bayan masallaci ka kawo mini almakashin naka in gani, na tabbata ko leda bai yankawa, kuma ka zo da dutsen washinka don nawa ba na ba da aro.