Tambayi Gwaggo: Wai in bari ya tsallake aji biyar da shida?

Salamu alaikum Gwaggo, da fatan kina lahiya. Ɗana na hwari shekara 9 gare shi, aji huɗu shike a wata firabet nan Mabera cikin Sakkwato, to ranar da munka je amsar rizol sai hedimasta ya ce yaron yana da kai, a biya mai kuɗin kwaman entirans ya wuce JSS1 tare da 'yan aji shida. Babansa har ya hwara murna an rage mai kuɗin shekara biyu. Ni dai hankalina bai kwanta ba, har yau ni ka ɗaure mai igiyar takalmi, in ya dawo boko ya ci abinci sai islamiyya har kusan magariba, da ya buɗe littahin aikin gida sai barci. Ga wani sabon iyayi kwanan nan wai shi ya girma ba a yi mai wanka. Mi za ni yi?

Maman Abba, Mabera

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Ni dai a nawa ganin kada ku yarda, kuma ga lissafin da za ki kai wa maigidan. Sakandare shekara shida ce, wanda ya shiga yana da 9 zai gama yana da 15, JAMB kuwa a yanzu galibi sai mai shekara 16 take yarda a ba gurbin jami'a, a 2024 ma har maganar 18 aka yi kafin gwamnati ta janye. Kenan ko Jami'ar Danfodiyo ɗin nan ta kusa da ku yake so sai ya zauna gida, kuma kin san zaman saurayi ɗan 15 babu aikin yi a unguwa ba abin so ba ne.

Sannan aji biyar da shida ba zaman banza ake yi ba, a nan yaro ke ƙwarewa a dogon rabawa da lissafin kaso cikin ɗari da rubuta insha'i da kansa. A JSS1 kowane darasi da malaminsa, wannan ya cika allo ya fita wancan ya shigo ya goge, ba mai jiran ka gama kwafa, abokan ajinsa kuma 'yan 12 da 13 ne, shi za a riƙa aika sayen fiya wata. Hedimasta kam ba na zarginsa da komai, amma dai in makarantar tana da sashen sakandare kin san inda kuɗin zai koma.

Ko da yana zuwa na ɗaya a aji, wannan bai isa hujja ba, yaranmu da yawa hadda ce ke kai su. Ki aro littafin Turanci na aji shida, ki buɗe shafin da bai taɓa gani ba ya karanta, ya rufe, ya ba ki labarin da Hausa. Ki ba shi dubu ɗaya ya sayo sabulu da ashana a shagon bakin layi, ya faɗa miki canjinsa tun kafin ya fita. In ya yi su tsaf to a sake zama bayan ya gama aji biyar. Maganar kuma ki yi ta da babansa bayan ya ci tuwo ya huta, ba a gaban yaron ba.

Barcin nan ba lalaci ba ne. Garin da daga Maris zuwa Mayu zafi ke haura digiri 40, yaro ya yi boko ya yi islamiyya, ina zai samu ƙarfin aikin gida da dare? Ki bar shi ya ɗan rintsa bayan azahar ko da rabin awa ne, aikin gidan a mayar da shi bayan sallar asuba.

Wanka kuwa ki sakar masa soso da bokitinsa, lokacinsa ne ya yi. Sai dai in ya fito ki leƙa bayan kunne da wuya, da hunturu kuma ki duba diddige ki shafa masa man kaɗe kafin kaushi ya tsage.