Amsa: Shin Brady ne gwanin gwanayen kwatabak?

Malam, ka tambaya ko Tom Brady, kwatabak (ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa wa abokansa ƙwallo), ya cancanci a kira shi wanda ya fi kowa a wasan ƙwallon Amurka, ko kuwa 'yan jarida ne suka kambama shi. A ganina ya cancanta. Ya ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na babbar gasar ƙwallon Amurka, sau 7: shida da New England Patriots, na bakwai da Tampa Bay a 2021 yana da shekara 43. Wannan ba gidan talabijin ne ya ba shi ba.

Amma 'yan jarida su suka zaɓi ma'aunin, suka ce kofi kawai za a ƙirga, kuma daga 1967 da aka fara Super Bowl. Shi ya sa ba ka jin sunan Otto Graham, kwatabak na Cleveland Browns tun kafin a fara Super Bowl, wanda ya kai wasan ƙarshe sau 10 a kaka 10, ya ci 7. Zamaninsa babu faifan bidiyon da za a riƙa maimaitawa kullum.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Dan Marino, kwatabak na Miami Dolphins. A 1984 ya yi jifan yadi 5,084, amma da yake bai taɓa ɗaga kofin ba, sai ana ambatonsa kamar ɗan rakiya, alhali mutum 11 ne a fili, ba shi kaɗai ba.