Sun ce ruwa ya shiga wayata, wai sai na biya kuɗin gyara alhali garanti bai ƙare ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata biyar ke nan da na sayi waya sabuwa fil mai garantin shekara ɗaya, kwatsam ta daina caji. Na kai cibiyar gyara ta kamfanin, suka ce ɗigon da ke cikinta ya yi ja, wai ruwa ya shiga, garanti ya faɗi. Ko in biya kuɗin sabon inji, ko in biya kuɗin dubawa in karɓi abata. Wallahi ba ta taɓa faɗawa ruwa ba. In biya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki biya tukuna. Kada kuma ki karɓo ta ki kai wa mai gyaran gefen titi don ya ɗan duba. Da zarar ya hura mata iska mai zafi ya taɓa dalmarta, ya ba kamfanin hujjar da ba su da ita a yau.

Maganar jan ɗigon nan ta ishe ni, kullum sai an zo da ita kamar hukuncin alƙali. 'Yar takarda ce fara ko ruwan azurfa, ana manna ta a ramin sim ko kusa da batir, tana komawa ja idan danshi ya taɓa ta. Iyakar shaidarta ke nan: danshi ya taɓa wannan wurin. Ba ta faɗin yaushe, ba ta faɗin yawansa, balle ta ce shi ya kashe cajin. A Amurka, a 2013, kamfanin Apple ya yarda ya biya dala miliyan 53 don sasanta ƙarar masu iPhone da iPod touch da aka hana wa garanti saboda wannan ɗigon. Amma har gobe ma'aikaci zai haska tocila cikin ramin sim, ya ce ja ne, mutum ya saduda ya zaro kuɗi. Ruwan da ya kai ga kashe waya yana barin sawu: tsatsa kore-kore ko fari-fari a ƙafafun bakin caji, a mahaɗin batir, ko a jikin injin. In babu wannan, rashin caji na iya fitowa daga bakin cajin kansa, ko siririyar wayar da ta haɗa shi da inji, ko ƙwayar da ke sarrafa caji, ko batir. Galibinsu ba sa buƙatar sabon inji, sai dai canja inji gaba ɗaya ya fi wa mai gyara sauƙi, ya fi kuma kawo kuɗi.

Ki koma ki nemi rahoton bincike a rubuce, mai ɗauke da lambar IMEI ta wayar (lambar shaida da kowace waya ke da tata), sunan ɓangaren da ya lalace, dalilin lalacewarsa, da hoton tsatsar da suke nufi. Kuɗin dubawa kuwa, ki karanta takardar da kika sa wa hannu ranar da suka karɓi wayar. In ba a rubuta shi ba, ki ƙi.

Ki sani kuma garantin kamfani daban, haƙƙinki na doka a kan wanda ya sayar miki daban. A Tarayyar Turai wannan haƙƙin shekara biyu ne, kuma tun 2022 matsalar da ta bayyana a shekarar farko ana ɗauka da ita aka sayar da kayan, sai mai sayarwa ya tabbatar da akasin haka. A Birtaniya dokar 2015 ta ce matsalar da ta bayyana a wata shida na farko ce ake ɗauka haka, kuma kuɗin aiki da na kayan gyara a wuyan mai sayarwa suke. Najeriya ma tana da dokar kare masu sayen kaya ta 2018 da hukumar FCCPC mai karɓar koke. Wa'adin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ki duba na inda kika saya.

Ki rubuta wa mai sayarwa takarda, ki haɗa da kwafin rasit da katin garanti da rahoton, ki ba shi kwana 14 ya gyara kyauta, ko ya canja, ko ya dawo da kuɗi. In ya yi kunnen uwar shegu, sai hukumar kare masu saye. In kuwa buƙata ta tilasta miki biya kafin nan, ki sa a rubuta a rasit cewa kin biya ne ba tare da amincewa da dalilinsu ba, ki kuma nemi a ba ki tsohon injin da aka cire don wani ƙwararre ya duba.