Kundin bayanan ofis yana tafiyar hawainiya da zarar mutum na biyu ya shiga

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni akawu ce a wata makarantar kuɗi a Tudun Wadan Zariya. Bayanan ɗalibai da kuɗin makaranta duk suna cikin fayil ɗaya na Microsoft Access a kwamfutar hedimasta, mu biyar muke buɗe shi ta Wi-Fi. In ni kaɗai ce a ciki, sunan ɗalibi nan take yake fitowa. Da mai karɓar kuɗi ya shiga, sai in yi ta jira, ga iyaye a layi. An ce mu sake wa hedimasta kwamfuta. Hakan zai yi magani?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ku dakata da sayen nan tukuna, don da wuya laifin kwamfutar hedimasta ne.

Access ba ya yin aikin bincike a kwamfutar da fayil yake. Ita ajiya kawai take yi. Idan kika nemi ɗalibi, kwamfutarki ce ke janyo sassan fayil ɗin ta hanyar sadarwa, ta tace a wurinta. Kamar a ce kin aika a duba miki suna ɗaya, sai ɗan aike ya kinkimo rajistar makaranta gaba ɗaya.

Abin da kika lura da shi game da mutum na biyu shi ne bakin zaren. Lokacin da ke kaɗai kika buɗe fayil, Windows kan ba kwamfutarki damar riƙe abin da ta karanto a wurinta. Da wani ya shigo sai a janye wannan damar, don kada ku rubuta abubuwa masu karo da juna. Daga nan kowane karatu da rubutu sai ya je ya dawo. Ƙari a kan haka, Access na ajiye wani ɗan ƙaramin fayil mai ƙarshen .laccdb a gefen naku, inda yake lura da masu ciki da abin da aka kulle. Duk wannan kai-komo a kan Wi-Fi yake bi, ta cikin bangon siminti.

Saboda haka ku fara da wayar haɗa kwamfutoci, wato kebul. Ku sa waya nau'in Cat5e ko Cat6 zuwa kowace kwamfuta, da akwatin rarrabawa (switch, inda wayoyin ke haɗuwa) mai gudun megabit 1000. Tsofaffin akwatuna a megabit 100 suke tsayawa, kuma irinsu guda ɗaya a tsakiya ya isa ya rage wa kowa gudu. Ni dai ban yarda a ɗora Access na mutane da yawa a kan Wi-Fi ba, domin ɗan yankewa ana cikin rubutu na iya lalata fayil.

Na biyu, a raba fayil ɗin gida biyu. Teburan bayanai su zauna a kwamfutar hedimasta, fom-fom da rahotanni kuma kowa ya samu kwafinsa a tasa kwamfutar. Akwai abin yin haka a cikin Access, a ƙarƙashin Database Tools. Wanda zai yi muku aikin ya sa fihirisa (index, mai saurin gano abu) a kan ginshiƙan da kuke yawan nema, kamar lambar shiga da sunan mahaifi, kuma kada fom ya riƙa buɗe ɗalibai duka tun farko.

Ki duba girman fayil ɗin ma. Iyakar Access gigabait 2 ce, kuma abin da aka goge ba ya rage girmansa sai an yi Compact and Repair. Ku yi shi bayan an tashi, kowa ya fita, kun ajiye kwafi a filashi. Idan kuna cusa hotunan fasfo a ciki, ku fitar da su zuwa folda, hotuna ke saurin kumbura shi.

Sai wuta. Tsakanin ɗauke ta da tayar da janareta ne fayiloli da yawa ke lalacewa, don haka kwamfutar hedimasta da akwatin rarrabawa duka su hau UPS.

Idan an yi waɗannan kuma ma'aikata suka ƙaru har nawar ta dawo, sai a mayar da teburan kan SQL Server Express, wani tsarin adana bayanai na Microsoft wanda kyauta ne. Shi a wurinsa yake binciken, ya turo miki ɗalibin da kika nema kaɗai, fom ɗinku na Access kuma yana nan yadda kuka saba. A wannan lokacin ne maganar sabuwar kwamfuta za ta taso.