Ba mai gode mini, in daina hidima?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko ka daina sharar majami'a da kai wa marasa lafiya abinci a Danja, tunda ba mai ce maka sannu. Kada ka daina. A Luka 17:10 Yesu ya ce in mun gama abin da aka umarce mu, mu ce mu bayi ne, abin da ya wajaba kawai muka yi.

Sai dai ka raba lada da kuɗin da ka kashe. Kuɗin kabu-kabu ko na man babur ba lada ba ne: rubuta su, ka kai wa ma'aji ƙarshen wata a mayar maka. Masu haɗiye wannan don kunya, yawanci su ke fara gunaguni, daga baya su watsar da aikin gaba ɗaya.