Hasken orora da GPS ɗin wayarka: ina alaƙar?

Tambaya: Salam malam. Ni ɗan Tudun Wadar Kaduna ne, ina kai wa mutane kaya da mashin, kuma Google Maps nake bi. Wani lokaci bayan magariba ɗigon shuɗin nan sai ya riƙa tsalle, ina Kawo ya nuna ni can gefen Unguwar Dosa. Na ga bidiyon hasken nan kore da ja da ke fitowa a sama a ƙasashen sanyi, aka ce yana lalata GPS. Gaskiya ne, kuma shi ne ke damuna?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi na ji daɗin tambayar nan, don ta taɓo abin da nake so sosai. Eh akwai alaƙa, amma ba yadda aka faɗa maka ba, bari in bi da kai a hankali.

Taurarin ɗan'adam na GPS suna can sama kusan kilomita 20,200, kuma kafin siginarsu ta iso wayarka dole ta ratsa wani sashe na sama da ake kira ayonosfiya, daga wajen kilomita 60 har zuwa 1,000. A can hasken rana yana fizge ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, daga jikin iska, sai ta koma iska mai caji wadda masana ke ce wa filasma. Ita ce ma ke dawo da gajeren zango ƙasa, shi ya sa iyayenmu ke kama BBC Hausa a ƙaramar rediyo.

Toh filasmar nan ba zaune take ba. Rana tana hura nata iskar mai caji a gudun kusan kilomita 400 cikin daƙiƙa ɗaya, in ta bugi maganaɗisun duniya sai wutar lantarki ta gangaro ta layukan maganaɗisun zuwa sararin saman yankunan da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu. Inda orora, wato hasken nan kore da ja da ka gani a bidiyo, ke haske wuta tana wucewa cikin sauƙi, saboda ƙwayoyin da ke zubowa daga sama sun cika wurin da caji. Amma daga gefensa kaɗan, ta ɓangaren da ya fi kusa da mu, musamman da yamma bayan rana ta faɗi, cajin ya yi ƙaranci, kuma duk da haka dole wutar ta bi ta nan ta koma sama. Duk wanda ya taɓa ganin mai gyaran wuta ya nuna masa jointin da bai ɗauru da kyau ba ya san abin da ke faruwa, wurin da wuta ke shan wuyar wucewa nan ƙarfin ke taruwa, nan ne ke zafi. Haka ƙarfin lantarki ke taruwa a wannan siririn zirin yana fuskantar ƙurya, shi kuma da ya haɗu da maganaɗisun duniya sai su tura filasma yamma da gudun da ke wuce kilomita 1 a daƙiƙa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda abin ke ciyar da kansa. Gudun yana sa filasma ta goga da sauran iska ta yi zafi, zafin yana sa cajin ya ƙara mutuwa da sauri, cajin na raguwa wutar na ƙara shan wuya, gudun na ƙaruwa. Masanin Rasha Yuri Galperin ya bayyana irin wannan gudu tun 1974, daga baya a 2002 aka sa wa faffaɗan nau'insa suna SAPS, taƙaitaccen sunan Turanci na wannan kwararar filasma ta gefen orora. Akwai ma wani siririn haske mai ruwan hoda da masu ɗaukar hoton orora a Alberta ta Kanada suka raɗa wa suna STEVE, da tauraron Swarm na Turai ya ratsa ta cikinsa ya auna gudun filasma kusan kilomita 6 a daƙiƙa. Irin wannan gudu yana yayyaga filasma, siginar GPS ta riƙa rawa. A guguwar rana (wato lokacin da iskar rana mai caji ta bugi duniya da ƙarfi fiye da kima) ta 10 ga Mayu 2024, wadda ba a ga mai ƙarfinta ba tun 2003, manoma a Amurka sai da suka tsayar da taraktocinsu masu bin GPS ana tsakiyar shuka.

Amma mu nan Kaduna muna nesa da wancan zirin sosai. Namu daban ne, muna daf da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, kuma a nan bayan faɗuwar rana filasma takan yi sama sai wasu manyan kumfa masu ƙarancin caji su ɓullo a cikinta, su ma suna girgiza sigina daga bayan magariba zuwa tsakar dare. Lokacin da ka ambata ya yi daidai da wannan, kuma babbar guguwar rana kan iya tsananta shi.

Duk da haka ni a ganina ka fara duba na kusa. Tsalle daga Kawo zuwa wata unguwa ya yi yawa, galibi wayar ce ta rasa taurari ta koma ƙiyasi da turakun sabis, ko ka sa ta a yanayin adana batir. Kashe shi lokacin aiki, ka bai wa Google Maps izinin ainihin wurin da kake, ka ɗaura wayar a kan hannun mashin inda take kallon sama maimakon cikin aljihu, ka kuma sauke taswirar Kaduna a wayar tun kana da data. In za ka canja waya nan gaba nemi mai kama zango biyu, L1 da L5, irin waɗanda suka fara fitowa a 2018, don tana kwatanta siginar biyu ta cire mafi yawan kuskuren da ayonosfiya ke jawowa. In ka gwada sati ɗaya abin bai daina ba, turo min samfurin wayar da lokacin da yake faruwa mu duba tare.