Tambaya da Amsa: Ƙanƙara ta cinye mini rabin firiza

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Nima, a birnin Accra, ina sayar da sobolo, wato zoɓo, da ruwan leda a ƙofar gida. Ƙanƙara tana taruwa a jikin firizata har murfin ya daina zama daidai. Ɗana yakan kankare ta da wuƙa duk mako, amma ba ta jimawa sai ta dawo. Maƙwabciyata ta ce wannan alama ce ta firiza mai ƙarfi. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Maƙwabciyarki ba ta yi daidai ba, domin ƙanƙarar nan ba daga injin take fitowa ba, daga iskar waje take. Iskar Accra cike take da laima saboda kusancin teku, kuma duk lokacin da aka ɗaga murfi don a miƙa wa mai saye ruwa, sai iska mai ɗumi ta shiga, laimarta ta sauka a bango mai sanyi ta daskare. Idan ta yi kauri, sai ta shiga tsakanin bututun sanyi da kayanki, injin ya yi ta aiki ba hutu, kuɗin mita ya yi ta zurarewa, sobolo kuma bai yi sanyin kirki ba.

Kafin komai, ki karɓe wuƙar nan daga hannun yaron. Bututun gas yana kwance dab da bango, kuma tsini ɗaya ya isa ya huda shi. Gas ɗin da ke cikin yawancin sababbin firizoji, wato R600a, yana kama wuta, gyaran huji kuwa wani lokaci ya kan kusa kuɗin sabuwa.

Idan kaurin ƙanƙara ya wuce rabin santimita, ki zare soket, ki kwashe kaya zuwa kula ki rufe, sannan ki ajiye kwanon ruwan zafi a ciki bisa tsumma, ki mayar da murfi na kamar minti 15. Za ki ga tana ɓallowa fale-fale da kanta, abin da ya maƙale kuma ki ture shi da cokalin roba ko muciya. Ki buɗe ramin magudana idan akwai, ki goge cikin ya bushe sarai kafin ki kunna, domin ɗigon da aka bari shi ne zai zama sabuwar ƙanƙara.

Sai dai dawowarta cikin mako guda ya sa nake zargin robar murfin. Ki danne takardar sidi 5 da murfin ki ja; idan ta zame ba tare da turjiya ba, iska tana shiga ta nan dare da rana. Ki wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu, domin sukarin sobolo yana sa ta danƙo har ta yage, idan kuwa ta riga ta tsage, mai gyara zai sauya ta.

Kada ki saka sobolo sai ya huce, kuma ki goge jikin kwalabe tukuna. Ma'aunin sanyi ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili, ƙure shi ba ya ƙara komai sai cin wuta. Ki riƙa fitar da na sayarwa zuwa kula sau biyu ko uku a yini maimakon buɗe firiza ga kowane mai saye. Ranar da aka yi dumsor kuwa, wato aka ɗauke wuta, ki bar murfin a rufe, domin cikakkiyar firiza tana iya riƙe sanyinta kusan awa 48, wadda take rabi kuma kusan awa 24.